Yadda Nginx Ya Koyi Ajiye Amsa a Kusa

A shekarar 2003, shafin LiveJournal na Amurka ya cika ya batse da masu rubutu da masu karatu, har rumbun bayanansa ya fara nishi. Duk wanda ya buɗe shafi, sai an koma rumbu an tono sunansa da rubuce-rubucensa da jerin abokansa, ko da an tono su daƙiƙa guda da ta wuce. Brad Fitzpatrick, wanda ya kafa shafin, ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna Memcached. Aikinta shi ne ta riƙe amsar da aka riga aka haɗa a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta RAM, inda ɗauko abu ya fi ɗaukowa daga faifai sauri nesa ba kusa ba.

Wanda ya taɓa kai waya wurin mai caji a bakin kasuwa ya san wannan tsari. Mai cajin zai manna lamba a bayan waya, ya miƙa wa mai ita ɗan kati mai irin lambar. Da yamma ba a tambayar launin waya ko sunan kamfaninta. A nuna kati, a karɓi waya. Katin shi ne mabuɗi, wayar ita ce ajiya. Haka Memcached ke aiki, kuma idan wuri ya cika, sai ta zubar da abin da aka fi daɗewa ba a nema ba.

A Rasha kuma, Igor Sysoev, ma'aikacin kamfanin Rambler, ya fitar da Nginx a 2004. Manhaja ce da ke tsaye a ƙofar shafi tana karɓar buƙatun dubban baƙi lokaci guda. Daga baya aka ƙara mata ɓangaren da ke magana da Memcached. Buƙata na zuwa, Nginx zai mayar da adireshin shafin mabuɗi, ya tambayi ma'ajiya. In an dace, ya miƙa wa baƙo shafinsa nan take, ba tare da an tashi PHP ko rumbun bayanai ba. In babu, ya tura buƙatar ciki a gina shafin daga tushe.

Sai dai ɓangaren ɗauka kawai ya iya, bai iya ajiyewa ba. Dole mai shafi ya rubuta umarnin zuba kaya a ma'ajiyar da kansa.

Ana haka, a 2009, Salvatore Sanfilippo na tsibirin Sisili a Italiya ya fito da Redis, wadda ke riƙe jeri da ƙidaya, tana kuma iya kwafar ajiyarta zuwa faifai don kada ta salwanta idan wuta ta ɗauke. Nginx bai san yarenta ba. Da Nginx rufaffiyar manhaja ce, da sai a zauna jiran kamfani. Amma da yake kowa na iya karanta lambobinta ya ƙara nasa, Yichun Zhang, ɗan ƙasar Sin wanda ya kafa OpenResty, ya rubuta ɓangarorin redis2 da memc, sannan ya haɗa su da srcache. Wannan na ƙarshe ya toshe giɓin: kafin a gina shafi yana leƙa ma'ajiya, bayan an gina kuma yana ajiye kwafi da kansa. Saba goma, wato kwamfutocin da ke bayan shafi ɗaya, za su iya cin moriyar ma'ajiya guda, maimakon kowace ta tara nata a faifanta. Apache, mai irin aikin Nginx, shi ma ya karɓi Redis a fitowarsa ta 2.4.39 a 2019.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsufan ajiya. Jarida ta gyara kuskure a labari, amma masu karatu na ganin tsohon, domin kwafin na nan. Shi ya sa ake yanka wa kowace ajiya wa'adi, daƙiƙa 30 ko minti 10, ko a goge mabuɗin da zarar an yi gyara. Wanda ya fi muni shi ne a ajiye shafin asusun wani a ƙarƙashin mabuɗin gama-gari, wani baƙon ya buɗe ya tarar da bayanan da ba nasa ba.

Akwai kuma batun tsaro. An gina Memcached ne don zama a cikin gida, amma dubban masu shafuka suka bar ƙofarta mai lamba 11211 a buɗe ga duniya. Ranar 28 ga Fabrairun 2018, maharan intanet suka yi amfani da irin waɗannan sabobi suka antaya wa shafin GitHub ambaliyar bayanai ta terabit 1.35 a daƙiƙa. Masu kula da Memcached sun rufe hanyar UDP da aka bi, a fitowa ta 1.5.6.

A Maris 2024 kamfanin Redis ya sauya lasisinsa, sai wasu masu haɓaka manhajar suka ɗauki buɗaɗɗen kwafi na ƙarshe suka ci gaba da shi da sunan Valkey, ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Tunda yarensu ɗaya ne, mai shafin da ke amfani da ɓangarorin Zhang zai iya sauya adireshin ma'ajiya a fayil ɗin saiti, Nginx ya ci gaba da ɗauko shafukansa.