Kafin Ka Ƙara Taki, Auna Gishiri: Yadda Ƙaramar Na'ura Ke Ceton Gonar Furen Rana

Yau za mu duba wata na'ura mai kama da biro, wadda ke faɗa wa manomi ko buhun takin da zai saya zai biya kuɗinsa ko kuwa asara ce.

Furen rana, wato sanfulawa, shi ne wanda ake matse man girki daga irinsa. A yankuna masu ƙarancin ruwan sama, irin su arewa maso gabashin Brazil da wasu sassan Pakistan da Masar, ruwan ban-ruwa yakan zo da gishiri. Shi ya sa masana a Jami'ar Tarayya ta Campina Grande da ke Brazil suka daɗe suna gwada wannan shuka da ruwa mai gishiri da takin naitirojin.

Me gishiri ke yi wa shuka?

Abu biyu. Na farko, yana riƙe ruwa a cikin ƙasa, saiwa ta kasa zuƙa, sai shuka ta ji ƙishirwa alhali ƙasa a jiƙe take. Na biyu, sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri yana gogayya da naitiret, wato siffar da shuka ta fi shan naitirojin da ita.

Nan ne tarkon yake. Manomi ya ga shuka ta tsumbure, sai ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara takin yuriya. To, idan gishiri ne ya danne ta, ƙarin taki ba zai ɗaga ta ba. Taki da ya yi yawa ma yana ƙara wa saiwa wahalar shan ruwa, kuma naitirojin da ya wuce kima yana rage yawan mai a cikin iri.

Yadda na'urar take aiki

Sunanta na'urar EC. Tana da ƙananan ƙarafa a baki, tana tura 'yar wutar lantarki ta cikin ruwa. Gwargwadon gishirin da ke ciki, gwargwadon sauƙin wucewar wutar. Sakamakon yana fitowa da ma'aunin dS/m. Idan taka tana nuna µS/cm, raba lambar da 1,000.

Ga ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 game da ruwan ban-ruwa:

Ƙasa da 0.7: babu matsala.
Daga 0.7 zuwa 3.0: a yi hattara.
Sama da 3.0: matsala babba.

Furen rana yana da ɗan juriya. Amfaninsa ba ya fara raguwa sai gishirin ƙasa ya haura 4.8 dS/m, daga nan kowane ƙarin 1 yana cin kusan kashi 5 cikin 100 na amfani. Ke nan ƙasa mai 8.8 za ta ci maka buhu ɗaya cikin biyar. Ka lura, gishirin ƙasa yakan fi na ruwan da ake zuba mata da kamar rabi, domin ruwa na tafiya, gishiri na zama. Ruwa mai 3.2 ya isa ya kai ƙasa bakin wannan iyaka.

Ina wayarka ta shigo?

Akwai na'urorin EC masu Bluetooth da ke aika sakamako zuwa manhaja. Ko babu wannan, rubuta lambar kowane mako a waya ya wadatar, domin gishirin rijiya yakan sauya tsakanin damina da tsakiyar rani. Akwai kuma taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Turai ta fara harbawa a 2015. Suna ɗaukar hoton wuri kusan duk bayan kwana 5, kowane ɗigo na wakiltar mita 10, kuma hotunan kyauta ne. Za su nuna maka ɓangaren gonar da ya yi rauni, amma ba za su faɗa maka ko yunwa ce ko gishiri ba. Wannan aikin na'urar EC ne.

Abin da za ka yi

Auna ruwa tun kafin shuka. Raba takin kashi biyu ko uku maimakon zuba shi gaba ɗaya, kuma kada ya taɓa iri. Lokaci-lokaci ka ba da ruwa da ɗan yawa don ya wanke gishiri zuwa ƙasa da saiwa, muddin gonar tana tsane ruwa, amma ba dab da zuba taki ba, don kada ya tafi da shi. Wajen saye, zaɓi na'urar da ke nuna EC, ba ppm kaɗai ba, ka kuma nemi ruwan saita ta.

Wannan lissafi ya shafi duk mai noman rani da ruwan rijiya ko burtsatse a nan gida. Albasa da tumatir ma ba su kai furen rana juriya ba. Idan akwai mai ban-ruwa a gidanku, tura masa wannan bayani.