Shin Saƙon Waya Zai Iya Zama Shaida a Kotu?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya aiko cewa wani yana yi masa barazana ta waya, wai in bai ba da kuɗi ba za a ƙone masa rumbu. Yana tambaya, in ya kai ƙara, alƙali zai yarda da abin da ke cikin waya kuwa?

AMSA: To Malam, Allah ya tsare. Amsa a taƙaice ita ce e, zai yarda, amma da sharaɗi.

Tsohuwar dokar shaida ta Nijeriya tun zamanin Turawa aka yi ta, lokacin da babu salula balle kwamfuta, don haka lauyoyi suka daɗe suna jayayya a kan irin wannan shaida. A shekarar 2011 aka yi sabuwar doka, kuma sashe na 84 ya amince da bayanin da ya fito daga na'ura. Saƙon tes, muryar da aka naɗa, hoto, bidiyo da saƙon WhatsApp duk suna ciki.

Sharaɗin kuwa shi ne a gamsar da kotu cewa na'urar tana aiki daidai lokacin da saƙon ya shigo. Akan gabatar da takardar shaida mai bayanin na'urar da yadda aka ciro saƙon, da sa hannun wanda ke kula da ita. In aka rasa wannan, lauyan wanda ake tuhuma zai iya neman a yi watsi da shaidar, kai kuma ka tashi a tutar babu.

Saboda haka ga shawararmu. Kada ka goge saƙon, kada ka sayar da wayar ko ka jefar da layin. Rubuta ranar da aka kira ka da lokacin da lambar a takarda, in ba ka rubutu, yaronka ya rubuta maka. In wayarka tana naɗar murya, naɗa. Kada ka mayar da zagi ko barazana, don shi ma shaida ne a kanka. Sannan ka garzaya ofishin 'yan sanda da wayar kanta, ba labari kawai ba.

Kada ka ce ai ba ka san mai lambar ba. Tun daga Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma masu bincike suna iya neman bayanin kiraye-kiraye daga kamfanin waya. Wannan kuma gargaɗi ne ga sauran masu sauraro: kada ka yi wa wani rajistar layi da sunanka, domin in aka yi ɓarna da shi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Da fatan ka gamsu, Malam. Sai mun ji daga gare ka.