In motar ƙungiya ta fara jinkirin amsa totur: abin dubawa kafin a kwance inji

A da jakuna ne ke fitar da taki daga cikin birnin Kano zuwa gonakin karkara a mangala, su dawo da itace da hatsi. Yau a-kori-kura ce ta gaji wannan aiki. Manomin da ke zaune a Yakasai ko Gwale, gonarsa kuma tana Kura ko Kadawa, ya san amfanin tsohuwar motar ɗaukar kaya, ko tasa ce ko ta ƙungiya. Wasu har yanzu Peugeot 504 suke ja, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Wasu J5, wasu tsohuwar Toyota Hilux. Dukkansu akwai ciwo guda da ke yawan kama su: direba ya taka totur, mota ta yi shiru kamar tana shawara, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta zabura.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin halin tsufa. Ba haka ba ne, kuma ba abin wasa ba ne. Wanda ya fito wuce tirela a hanyar Zariya da lodin kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan, ya taka totur ta ƙi amsawa ga wata motar ta tunkaro, shi zai ba da labari. Ga asarar mai, ga kayan gwari da ba sa jiran kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau tari gyaran ƙarami ne, amma sai ƙungiya ta kashe kuɗin taki wajen sauke inji saboda ba wanda ya tsaya ya lura da yadda ciwon yake.

Tambayar farko ita ce: injin ne ba ya amsawa, ko motar ce ba ta tafiya? Ba ɗaya ba ne. Ka hau titi mai sarari, ka sa giya ta huɗu, ka danna totur sosai, ka saurara. In ƙarar inji ta tashi nan take amma gudu bai ƙaru ba, musamman da lodi ko a hawa, wani lokaci har da ƙauri, to ka bar maganar kafireta: kuloci ne ya cinye yake sulɓewa. Haka nan in mota tana nauyi ko da yaushe, bayan tafiya ka kusantar da hannunka ga kowace taya; wadda ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, birkinta ne ke riƙewa. Sai in ƙarar injin ce kanta ke jinkiri, ko yana sarƙewa kamar zai mutu kafin ya ɗauka, sannan za a shiga neman laifin a iska, ko mai, ko wuta.

Kafin nan ma akwai abin da ba ya cin ko sisi. A tsofaffin motoci waya ce ta haɗa abin takawa da inji, kuma tana saki in ta daɗe. A kashe mota, mutum ɗaya ya taka a hankali, ɗaya ya buɗe bonet yana kallon inda wayar ke ja. In ƙafa ta yi nisa kafin can ya motsa, wayar ce ta saki, noti biyu ake juyawa a ɗaure ta. Kada a ɗaure ta tamau, a bar mata ɗan wasa, in ba haka ba injin zai riƙa gudu ko ba a taka ba. A duba har tabarmar ƙasa, don takan naɗe ta tokare totur.

Sai iska. Injin fetur yana son kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai, wato lita guda ta fetur tana tafiya da iskar da ta kai kimanin lita 9,000. Duk wannan ta cikin filtar iska take bi. To ka tuna inda motarka ke yini: hazon hunturu, ƙurar hanyar gona, ƙaiƙayi a wurin casa, cunkoson Dawanau lokacin kaka. Filtar da littafin kamfani ya ce za ta yi shekara, a nan wata biyu ko uku ya ishe ta toshewa. Ciro ta ka ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. Kakkaɓewa na iya kai ka gida, amma sabuwa ce magani. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne cire ta a yi tafiya haka, wai don mota ta sha iska. Za ta amsa totur na 'yan makonni, ƙasa kuma tana shiga tana cin ringi da silinda kamar sanfefa.

Iskar da ta yi yawa ma matsala ce. Akwai ƙananan robobi da ke manne a jikin inji, zafin Kano na busar da su su tsage, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Alamarta ita ce injin ba ya zama daidai in mota na tsaye, yana hawa yana sauka, wani lokaci ka ji ɗan sauti kamar huci.

A ɓangaren mai ne aka fi samun laifin, kuma nan ya kamata a daɗe. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa lita biyar ko goma suke sha, tanki kullum a ƙasa. Duk dattin da tsatsar da suka kwanta a gindin tanki su ake zuƙowa. A motocin injekta kuwa famfon yana cikin tankin ne, man ne ke sanyaya shi, don haka tafiya da ɗan mai na rage masa kwana. Ga kuma man galan na 'yan bumburutu, wanda ba ka san a wace jarka ya kwana ba. Gurɓataccen mai ba sabon abu ba ne ko a gidan mai: a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci da yawa suka lalace a ƙasar nan. Gwajin ruwa mai sauƙi ne. Tsiyayi kaɗan a farar kwalba, ka ajiye minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa.

Yadda ciwon ke zuwa shi ke nuna wurin. In mota tana lafiya a cikin gari, daga Ƙofar Nassarawa zuwa Kasuwar Rimi ba ka ji komai ba, amma da an yi lodi an hau babban titi sai ta fara shaƙewa, ka ɗaga ƙafa ta dawo daidai, to mai ne ba ya isowa yadda ake buƙata. Filtar mai za a fara canzawa, sai a gwada famfo. In kuma tana fara tafiya garau, bayan rabin awa ta soma, ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska da ƙarfi, ta yiwu hanyar numfashin tankin ce ta toshe.

Amma in jinkirin a daidai lokacin da ka taka ne kawai, tashi daga tsaye ko fita daga kwana, daga nan ta ci gaba lafiya, kuma motar mai kafireta ce, akwai wani ɗan famfo a jikin kafiretar da aikinsa ke nan. Da ka taka totur iska ke riga mai shiga, shi kuma sai ya fesa ɗan fetur ya cike giɓin. Robarsa na bushewa, ko ƙaramin bututunsa ya toshe. A kashe inji, a cire murfin filtar iska, a leƙa maƙogwaron kafireta, a ja totur da hannu sau ɗaya. Ya kamata a ga siririn fetur ya feso. In ba a gani ba, ko ɗiga kawai yake, an kama ɓarawon, kuma kayan gyaransa 'yan ƙanana ne da ake nema a Ƙofar Ruwa. A kiyaye: ba a leƙa kafireta inji na aiki, don takan yi aman wuta, kuma mai sigari ya matsa nesa.

Wuta ba ta da dogon bayani. A ciro fulogi a duba. Baƙi mai toka na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat na nufin mai bai isa ba. Mai jiƙe da baƙin mai kuwa labarin ringi ne. Fulogin da bakinsa ya cinye yakan yi aiki in mota na tsaye, ya gaza in an taka da lodi. A tsofaffi irin 504 a duba kwantak da taimin, domin wutar da ke zuwa a makare tana sa mota kasala da zafi.

Motocin injekta, irin 'yan Beljiyam da suka cika gari, ba su da wancan ɗan famfo. Kwamfutar motar ce ke lissafin mai daga abin da na'urorin auna iska da matsayin totur suka faɗa mata. Datti a maƙogwaron totur ko a na'urar auna iska ya isa ya kawo jinkiri, kuma wankewa da maganin feshi da aka yi don haka yakan wadatar. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Kuɗin jonawar bai kai na sayen kaya bisa ƙiyasi ba. Sai dai na'urar wurin da ake ƙorafi take nunawa, ba lallai abin da ya mutu ba. Wani lokaci waya ce kawai ɓera ya ci, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke kwana kusa da buhunan masara.

Masu injin gas, filtar gas da ruwan da ke taruwa a ƙasanta za ku fara dubawa, sai iskar da kan shiga bututun mai in an bar tanki ya ƙare. Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, a koma ga filtar iska kafin a taɓa nozul. Wannan ya shafi tarakta ma.

In duk an bi waɗannan ba a dace ba, saura salansa da ta toshe, wadda ke sa mota ta ƙi wuce wani gudu ko an taka har ƙasa, sai kuma ƙarfin matsin injin kansa. Shi ma ana auna shi da agogo ta ramin fulogi, ba sai an kwance komai ba. Bakaniken da ya ce a sauke inji bai auna wannan ba, a nemi ya auna tukuna, a gaban wakilin ƙungiya.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyi ita ce a ajiye ɗan littafi a cikin motar. Direba ya rubuta ranar da aka canza filta da fulogi, inda aka sha mai, da lokacin da jinkirin ke zuwa: da sanyin safiya ko bayan inji ya yi zafi, da lodi ko babu, a tashi ko a gudu. Da wannan littafin za a je gareji, kuma a canza abu ɗaya a gwada kafin a sayi na biyu. A yi wannan dubawa tun kafin a fara ɗiban tumatir, lokacin da motar za ta iya kwana biyu a gareji ba tare da kwando ko ɗaya ya ruɓe a bakin gona ba.