Gyaran Lalube Na Cinye Ribar Masu Manyan Motoci

Motar da ta ɗauko tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas ba ta da lokacin jiran bakanike mai lalube. Kwana biyu a gareji sun isa kaya su ruɓe, mai mota ya shiga rigima da fatake.

Sau da yawa ciwon ƙarami ne. Idan mota ta rage ƙarfi tana fitar da baƙin hayaƙi, toshewar matatar iska kaɗai na iya zama sanadi. Amma sai bakanike ya kwance injekta, ko ma ya sauke inji, a sauya kayan da lafiyarsu ƙalau.

Kanikawa da dama sun koyi aiki ne a kan tsohuwar Mercedes 911, wadda ake gane ciwonta da kunne. Sababbin DAF da MAN kuwa kwamfuta ce ke sarrafa mansu, sai da na'urar bincike ake gano laifinsu. Hatta a garejin dillalai, mallakar na'urar daban, iya karanta ta daban.

Saboda haka ya kamata mai mota ya nemi a rubuta masa sakamakon bincike kafin a kwance noti ɗaya, a kuma mayar masa da duk abin da aka cire.