Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Shiga Intanet

A ɗakunan kwamfuta na makarantunmu ba wuya ka tarar da tsohuwar kwamfutar tebur an ajiye ta a lungu, ƙura ta lulluɓe ta. In ka tambaya, sai a ce maka ta mutu, domin ta daina shiga intanet. Sau da yawa kuwa da ranta, ciwonta ne ba a gano ba. Ɗalibai su yi ta cunkoso a kan sauran, alhali gyaran bai taka kara ya karya ba.

Ni malamin ilmin halittu ne, amma ƙa'idar da muke koyarwa a ɗakin gwaje-gwaje ita ce ke aiki a nan: ka lura da alama, ka yi zato, ka gwada shi, kuma kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya sake waya ya kuma taɓa manhaja gaba ɗaya, ko ta gyaru ba zai san abin da ya gyara ta ba.

Mataki na farko shi ne waya. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur suna sadarwa ne ta tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Amurka a 1973. A cikin wayar akwai ƙananan wayoyi 8, an murɗa su bibbiyu, kuma bai kamata tsawonta ya wuce mita 100 ba. Duba bayan kwamfutar inda aka soka ta. Galibi akwai ɗan ƙwai da ke haskawa idan sadarwa ta ƙullu. In bai kama ba, zare wayar, busa ƙurar hunturu daga ramin, mayar da ita har ka ji ƙas. Sannan bi ta da hannu daga farko zuwa ƙarshe. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, kuma ba ya raina abin gaigaya, har da waya. In kana shakka, ari wayar kwamfutar da ke aiki ka gwada.

Mataki na biyu shi ne katin sadarwa, wato sashen da wayar ke shiga. Idan waya lafiya lau ce amma ƙwan bai kama ba, mai yiwuwa katin ya ƙone, musamman bayan tsawa da damina. Yana kuma yiwuwa manhajar da ke tafiyar da shi ce ta lalace. A Windows za ka ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa kusa da sunansa a jerin na'urori. Kati in ya ƙone, akwai ƙaramin madadinsa da ake sokawa ta ramin USB.

Mataki na uku shi ne adireshi. Kowace kwamfuta tana karɓar lambar adireshi daga na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta. Buɗe baƙin allon rubuta umarni, ka rubuta ipconfig. Idan lambar ta fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu ba, sai ta laƙa wa kanta. Kashe rauta, jira kaɗan, kunna ta, ka sake dubawa.

Daga nan sai gwaji da umarnin ping, wanda ya yi kama da sallama a ƙofar gida: ko a amsa, ko a yi shiru. Fara da ping 127.0.0.1, wato kwamfutar ta kira kanta, don tabbatar da manhajar sadarwarta. Sannan kira lambar rauta. Sannan kira 8.8.8.8, wata na'urar kamfanin Google. Inda amsa ta yanke, nan ciwon yake. Idan duk sun amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, laifin na tsarin DNS ne, mai juya suna zuwa lamba.

Akwai kuma ciwon da tsufa ke kawowa. A cikin akwatin akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin volt 3, shi ke riƙe agogo idan an kashe wuta. In ya ƙare, kwanan wata ya koma baya da shekaru, shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa. Cire kwamfutar daga wuta kafin ka buɗe ta don sauya shi. Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020, saboda haka shiga intanet da su akwai haɗari. Sanya mata Linux mara nauyi yakan tsawaita amfaninta.

Shawarata ga malamai ita ce a ajiye littafi kusa da kowace kwamfuta. Ɗalibi ya rubuta alamar da ya gani, da abin da ya gwada, da sakamakon da ya samu. Ta haka kwamfutar da ke lungu za ta koma bakin aiki, ɗalibin kuma ya koyi yadda ake binciken kimiyya da hannunsa.