Shunin da Ba a Noma Shi

A zamanin da, da ganyen baba ake yin shuni, a Kano da Indiya duka. A shekarar 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, ya so ya haɗa kwinin, watau maganin zazzaɓi, daga sinadarin kwalta. Magani bai samu ba, sai ga wani launi shunayya. Da ya tsoma siliki a ciki, sai ya kama sosai.

Masanan Jamus suka bi wannan hanya. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta. Ga araha, kuma launin kowane kaya daidai yake da na bayansa, abin da marina ke so ke nan. Kafin shekara 20, yawancin manoman baba na Indiya sun rasa kasuwa.