Fanshon Ma'aikatan Gwamnati a Matsayin Bashi: Misalin Jihar Ilinoi ta Amurka

Mutane da yawa suna ɗaukar fansho a matsayin kyautar da hukuma ke yi wa wanda ya tsufa a bakin aikinta. Haƙiƙanin lamarin kuwa, wani yanki ne na ladan aiki da aka jinkirta biyansa, saboda haka bashi ne a wuyan hukuma tun daga ranar da aka yi aikin. Wannan maƙala za ta duba jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka, domin a ga yadda irin wannan bashi yake girma har ya danne kasafin kuɗi.

Tsarin da jihar ke bi shi ne na ƙayyadadden fansho, wato ana lissafa abin da mutum zai riƙa karɓa gwargwadon albashinsa na ƙarshe da shekarun da ya yi yana aiki. Ma'aikaci yana zuba kasonsa, gwamnati tana zuba nata, sannan a juya kuɗin domin su hayayyafa. Malaman makaranta, alal misali, ana cire musu kimanin kashi 9 cikin 100 na albashinsu. Idan asusun ya gaza, gwamnati ce za ta cike giɓin.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifar da matsalar. Na farko, tsarin mulkin jihar na shekarar 1970 ya mayar da fansho yarjejeniyar da ba a rage ta. Na biyu, a shekarar 1989 aka amince da ƙarin kashi 3 cikin 100 a kowace shekara, wanda ake ɗora shi a kan ƙarin shekarar da ta gabata, ta yadda fansho kan ninka cikin kimanin shekaru 24. Na uku, gwamnatoci sun daɗe ba sa zuba abin da masana lissafi suka ce ya wajaba. Dokar 1994, a zamanin Gwamna Jim Edgar, ta tsara cike kashi 90 cikin 100 na asusun zuwa shekarar 2045, sai dai ta sauƙaƙa biyan shekarun farko, ta tura nauyin ga 'yan baya.

A nan ne tasirin ƙungiyoyin ƙwadago yake bayyana. Suna da ƙuri'u da kuɗin yaƙin neman zaɓe, kuma ɗan siyasa ya fi samun sauƙin alkawarin fanshon da wani zai biya bayan shekaru talatin a kan ƙarin albashin da zai biya bana. Da majalisar jihar ta yi dokar rage ƙarin shekara-shekara a 2013, ƙungiyoyin suka garzaya kotu. A watan Mayun 2015 Kotun Ƙolin jihar ta soke dokar ba tare da saɓani tsakanin alƙalanta ba.

Masu sukar ƙungiyoyin suna cewa sun karɓi alkawarin da ya fi ƙarfin masu biyan haraji. Su kuma ƙungiyoyin hujjarsu ita ce, ba a taɓa fasa cire kason ma'aikaci daga albashinsa ba, gwamnati ce ta riƙa jinkirta nata. Adalci shi ne a ce kowace magana tana da rabonta na gaskiya, amma wanda ya ci bashi ya ƙi tanadin biya shi ya fi cancantar zargi.

A yau giɓin da ke asusun fansho biyar na jihar ya haura dala biliyan 130, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na babban kasafinta fansho ke cinye shi. Wannan kuɗi ne da makarantu da asibitoci suke buƙata. Ma'aikatan da aka ɗauka daga shekarar 2011 kuwa an rage musu fansho, an kuma ɗaga musu shekarun ritaya, alhali ba su da hannu a bashin.

Abin da za a fahimta shi ne, a wajabta wa kowace gwamnati ta zuba cikakken kasonta a shekarar da aka yi mata aiki, kada kuma a amince da wani ƙari sai an bayyana inda kuɗinsa zai fito.